Itacen Jegon Hasiya

Tun cikin Hasiya yana wata huɗu, a lissafin surukarta Iya Kubra, aka fara sauke itace a gidanmu na Anguwan Rogo, a Jos. Ni 'yar haya ce a gidan, ɗakina yana kallon madafi, saboda haka a kan idona aka jera shi, ɗauri kan ɗauri, har ya kusa taɓo kwanon rufi. Duk macen da ta shigo sai Iya ta ja hannunta ta nuna mata. Itacen wankan jego ne na kwana arba'in cif, kuma ba ta yarda a zari ko sanda ɗaya a hura wutar tuwo ba.

Ban ga laifinta a wannan murnar ba. Ɗanta Haladu tela ya shekara bakwai da Hasiya ba ko ɓatan wata, matarsa ta fari kuwa da suka rabu ta yi aure a Bukuru ta haifi uku reras. Ba a faɗa a gaban Iya, amma ta san abin da unguwa ke cewa a kan ɗanta. Da cikin Hasiya ya taso, tafiyar tsohuwar ma sai da ta canza.

Sai ga shi ba ciki ba ne.

A daminar 1979 ne, ranar da ciwon mara ya murɗe Hasiya har ta kasa miƙewa, na raka ta asibiti. Likita ya duba ya ce ƙari ne mai cike da ruwa, ya fito a gefen mahaifa na dama, inda ƙwan haihuwa yake. Aka yi sa'a akwai wani baƙon likita da ya zo da sabuwar na'ura mai fitila a baki, wadda ba sai an farke mutum ba. Huda ta aka yi wuri uku, aka zuƙe ruwan, aka zaro abin. Kwana uku aka sallame ta.

Ranar sallamar Haladu ya fita neman tasi, ni kaɗai ce babba a wurin. Nas ɗin da ke kula da ita, Sista Ana, 'yar Anguwan Rukuba, ta ɗaga zanen Hasiya ta nuna mini filasta uku, ɗaya a ƙarƙashin cibiya, biyu a gefe, kowanne bai fi faɗin sule ba.

"Mama, ka duba da kyau," in ji ta da irin Hausarta, mai ce wa mace "kai". "Rami ƙanana ne, amma kada ya ruɗe ka. Aikin da aka yi a ciki babba ne. An cire gefen dama gaba ɗaya. Na hagu yana nan lafiya lau, zai iya haihuwa in ya warke da kyau. Ruwa kada ya taɓa wurin nan, a goge jiki da tsumma kawai. Kada a danna ciki. Magani sau uku a rana. Kwana bakwai ku dawo da kati a cire zare. In jiki ya yi zafi ko wurin ya yi ja, ku kawo shi nan take, ko ranar Lahadi ne."

"Na ji, Sista."

"Ka ji da kyau? Don kai na faɗa wa."

A cikin tasi Hasiya ta matso kunnena. Duk maganar da aka yi, ɗaya ta riƙe.

"Yaya Maimunatu, kin ji ta ce na hagun yana nan? Ta ce zan iya haihuwa."

Na ce na ji. Rabon da in ga haƙoranta har na manta.

Muna shiga gida muka tarar da tsakar gida cike da mata, kowacce ta yi jugum. Wata dattijuwa ta taso ta riƙe kafaɗar Hasiya.

"Sannu, 'yar nan. Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

Hasiya ta juyo ta dube ni, ni ma na dube ta. Sai da gaisuwa ta uku ta wuce na gane abin da aka yi a bayanmu. Iya ta gaya wa unguwa ɓari Hasiya ta yi a asibiti, cikin wata shida, kuma can aka binne shi. Don labari ya zauna daram har da cewa namiji ne.

Da mata suka ragu, Iya ta shigo ɗakin Hasiya ta tura ƙyaure. Ta ce a buɗe ta gani. Ta sunkuya ta ƙare wa filastocin kallo, sannan ta yi 'yar dariya.

"Wannan ne aikin? Tsagar ƙahon wanzami ma ta fi wannan. To alhamdu lillahi, da farke ki suka yi da mun rasa bakin magana." Ta juyo kaina. "Maimunatu, abin da kika ji a asibiti ki bar shi a asibiti. Gobe da sassafe za mu ɗora ruwa."

Na maimaita mata duk abin da Sista ta ce, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe tana kaɗa ƙafa.

"Yarinyar da aka haifa shekaranjiya ce za ta koya mini ciki? Mata nawa na yi wa wanka a unguwar nan, wacce ta mutu? Ɗa ne ko ƙari ne, ciki ya ɗauki abu ya sauke. Ɗanye ne, sai an gasa." Ta rage murya. "Kuma in gari ya waye mata ba su ga hayaƙi a gidan nan ba, me kike so su ce?"

Wannan ta ƙarshen ita ce maganar, sauran duk rakiya suka yi mata. Na san haka tun a ranar, amma na yi shiru. Na ce wa raina ni ma sau huɗu ana yi mini wankan nan ga ni garau. Na ce wa raina a ɗakin hayar Iya nake kwana, kuma Hasiya ba 'yata ba ce. Hasiya ba ta da uwa a raye, danginta suna can Misau, babu mai cewa a kai ta gida. Ita kuma ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba, balle ta ce a'a.

Washegari aka ɗora rabin ganga a kan murhu. Ni na ɗebo ruwan daga famfo, ba zan ɓoye ba. Ya tafasa har yana tsalle, Iya ta tsoma damin ganyen dogon yaro, muka shiga makewayi da Hasiya. Sanyin Jos na watan Agusta, amma tururi ya hana mu ganin fuskar juna. Iya ta riƙa tsoma ganye tana fyaɗa mata a baya, a ƙirji, a ciki. Hasiya ta cusa bakin zane a baki ta cije. Kafin a yi rabi filasta biyu sun saki, na gan su suna bin ruwa zuwa rariya. Sannan Iya ta jiƙa tsumma, ta matse, ta ɗora a marar, ta danna da iyakar ƙarfinta.

"Iya, wurin ne," in ji Hasiya, da ƙyar muryar ta fito.

"Na sani. Shi ake nema."

Aka fito aka ba ta kunun kanwa kwano guda. Ƙwayoyin asibiti kuwa Iya ta ce sanyi gare su, ba sa shiri da kanwa. Ta ƙulle su a tsumma ta jefa cikin langa a ɗakinta. Da la'asar aka sake ɗora ganga.

Haka aka yi ta yi safe da yamma. Hayaƙi na tashi, mata na shigowa da kwanon kunu da 'yar kanwa, suna zama su yi gaisuwa su yaba. "Kai, Kubra, ko uwar da ta haife ta sai haka." Iya ta sunkuyar da kai ta ce ai amana ce.

A rana ta uku ramin cibiya ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki ƙyalli. Hasiya ta nuna mini a ɓoye, ta roƙe ni in yi wa maigidanta magana, don ita in ta fara sai ya ce barci yake ji. Lokacin zaɓe ne, Haladu yana fama da ɗinkin tutoci da rigunan 'yan siyasa, ba ya shigowa sai cin abincin rana. Na tare shi a zaure.

"Haladu, wurin nan ya fara ja. Sista ta ce in ya yi ja a mayar da ita."

"Yaya Maimunatu, ni me na sani a harkar mata? Iya ta fi mu sani."

"Ka san ba haihuwa ta yi ba."

Ya waiga ƙofa da sauri, ya ga ba kowa, sannan ya dube ni.

"Jiya a masallaci mutum ya fi goma da suka yi mini gaisuwa. Wanda da ko hannu bai cika ba ni ba, ya riƙe ni ya ce Allah ya kawo rayayye. Kin san shekara nawa ina jiran a yi mini kallon namiji a unguwar nan?" Ya goge fuska da hularsa. "Kwana arba'in ne kawai. Ta daure, don Allah."

Ya fita bai ci tuwon ba. Tausayinsa ya kama ni, kuma haushinsa ya fi tausayin yawa.

Ranar bakwai Hasiya ta tashi da wuri ta ɗauko katinta daga ƙarƙashin matashi. Ta yi ta ƙoƙarin ɗaura zane, amma ko gefen zanen ya gogi marar sai ta runtse ido. Ta fito tsakar gida tana dafa bango, mayafi a hannu.

"Ina zuwa?" in ji Iya daga bakin murhu.

"Iya, yau ne suka ce a koma a cire zare."

"Mai jego ta fita kafin arba'in? A wane gari? Kuma yau ranar awon ciki ce, rabin matan unguwar nan suna can a kan benci. Ki je nas ta ɗaga murya ta ce ina mai ƙari?" Ta miƙa hannu, Hasiya ta ba ta katin. "Zare ne dai ko? Ni ce uwar tela. Shiga ciki."

Da reza ta yanke shi, sabuwa, ta kuwa nuna mini takardarta don in shaida. Biyu na gefe suka fita salin-alin. Da ta ja na cibiya sai mugunya ta biyo shi, rawaya, mai kauri, har ta gangaro kan tabarma. Warin ya cika ɗakin.

"Kin gani?" in ji Iya, ranta fes. "Dattin ne ke fita. Wanka na aiki."

Na ce, "Iya, wannan ba datti ba ne, ruɓa ce."

"Maimunatu, tun da kika zo gidan nan na taɓa shiga harkar ɗakinki?"

Na fita na bar su. Har yau in na tuna fitar nan tawa sai in ji na tsani kaina.

Daga ranar zazzaɓi ya sauka. Hasiya ta riƙa karkarwa har gadon ƙarfe na ƙara, haƙoranta na haɗuwa. Iya ta taɓa goshinta ta ce sanyi ne ya shige ta, ruwan ne bai kai zafi ba. Ta ƙara itace, ta ƙara wanka na uku da tsakar rana. Ta turara ɗakin da turaren wuta saboda baƙi, ta ce a riƙa lulluɓe ta da bargo har wuya in za a shigo. Mata suka ce baƙin ciki ne ya kwantar da ita, ɗan fari ne, dole.

A rana ta tara na shiga kai mata ruwan sha na tarar tana hawaye, idonta a kan rufi.

"Ciwon ne?"

"Yaya, da farko in aka yi mini gaisuwa kunya nake ji, don na san ƙarya ce. Yanzu wallahi kuka nake yi masa, yaron da babu shi. Har kamanninsa nake gani." Ta kama hannuna, nata kamar garwashi. "Na hagun nan, kina ganin yana nan? Nan ne ke yi mini ciwo yanzu. Da dama ce, yanzu hagu."

Na ce yana nan, in Allah ya yarda. Na je na sami Iya na roƙe ta ko ƙwayoyin ta fito da su. Ta ce sai an yi arba'in. Na ce zan gaya wa mijina in ya dawo daga Bukuru. Ta ce in gaya masa, shi ma ya san gidan haya ba wuya yake yi ba a samu wani ya shiga.

Ranar sha ɗaya da safe Iya ta ƙwala mini kira in kawo ruwa, ganga ta yi ƙasa. Na ɗauki bokiti, amma na fara leƙa Hasiya. Ta yi amai kore a gefen gado. Cikinta ya kumbura ya fi yadda yake lokacin da ake ce masa ciki, ya yi tauri kamar ƙwarya. Na kira sunanta sau biyu, ta buɗe ido ba ta gane ni ba. Leɓenta ya bushe ya tsage.

Na ajiye bokitin a bakin ƙofa. Na yafa mayafi na fita da gudu zuwa gidan Lamidi mai tasi, na same shi yana wanke mota. Da muka dawo akwai mata uku a tsakar gida sun zo gaisuwar safe, Iya kuma ta tsaya a bakin ɗakin Hasiya da damin ganye a hannu yana ɗiga.

"Me namiji yake yi mini a gida?"

"Asibiti za mu kai ta, Iya."

"Ba inda za ta. In kika fitar da ita, ki haɗa da kayanki."

"Na ji."

Na bi ta gefenta na shiga. Da ta ga da gaske nake, sai ta biyo ni ciki ta kama mini zane, muryarta ta dawo ta lallashi.

"Maimunatu, don girman Allah ki bari matan nan su tafi tukuna. Minti nawa ne. Ko ki ce jinin jego ne ya tsinke mata."

Na dubi tsohuwar nan. Idonta ya ciko da ƙwalla, kuma na rantse ba don wadda ke kwance ba ne. Na sungumi Hasiya, ba ta fi nauyin ƙullin wanki ba, na fito da ita. Lamidi ya kama ƙafafun yana cewa, "Sannu, madam, a hankali, a hankali." Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Subhanallahi, jegon ne ya zo da gardama?"

"Ba jego take yi ba," na ce. "Ba ta haihu ba, ba ta yi ɓari ba. Ƙari aka cire mata, likita ya ce kada ruwa ya taɓa wurin. Kwana goma muna dafa ta."

Gangar na ta tafasa a bayanmu har muka fita.

A asibiti Sista Ana ce a bakin aiki. Ta ɗaga zanen, ta sake shi, ta kira a kawo gadon turawa. Sai da aka shige da Hasiya ta juyo ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Mama, ba kai na faɗa wa ba?"

"Ni ce."

"To me ya faru?"

Na rasa wanda zan ɗora wa laifin. Iya ce ta fyaɗa ganye, Haladu ne ya kau da kai, amma ruwan da hannuna na ɗebo shi.

Awa huɗu suna kanta. Wannan karon farke ta aka yi, daga cibiya har ƙasa. Likita ya fito ya sami Haladu a baranda, zaren tuta maƙale a rigarsa, ya gaya masa an ceto ranta da ƙyar. Ruɓar ta shiga ciki ta ci gefen hagu, ta ci mahaifar, dole aka cire duka. Haladu ya durƙusa a siminti yana kuka kamar yaro. Ban rarrashe shi ba.

Iya ba ta zo asibiti ba, ta aiko da kunu. Kafin la'asar ta riga ta samo sabon labari: masu na'ura ne suka bar datti a ciki, da ba don wankanta ya jawo shi waje ba da tuni an binne yarinyar. Kuma abin haushi, rabin unguwa sun yarda. Sauran rabin abin da ya dame su shi ne ashe Haladu dai har yanzu bai yi wa mace ciki ba. Ban ji wanda ya tambayi abin da aka raba Hasiya da shi ba, ita da ta fito daga hannun likita da lafiyarta da rabonta, aka karɓe mata a gidan aurenta, a makewayi, da ruwan famfo da ganyen dogon yaro, don kada mata su ga ba hayaƙi.

Kwana biyu bayan aikin ta dawo hayyacinta sosai. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta sa hannu a hankali ta shafa bandejin, ta bi tsawonsa da yatsa daga sama har ƙasa.

"Yaya, na hagun fa?"

Na sunkuyar da kai ina gyara mata bargo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuska bango.

"Kwana nawa aka yi ana wankan?"

"Goma."

"Saura itacen kwana talatin ke nan. Ki ce wa Iya ta hura wutar tuwo da shi. Kada ta ajiye saboda ni."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na fita baranda na yi.

Ranar Juma'a na koma gidan kwashe kayana, don mijina ya samo mana ɗaki a Bukuru. Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa zannuwa a igiya. Na shirya saƙon Hasiya a bakina tun daga hanya, amma ban isar ba. Na tarar da Iya a bakin madafi ita kaɗai, tana jan wani tsohon kwanon rufi tana nishi. Ta ɗora shi a kan sauran itacen, ta gyara gefe da gefe, ta danne da duwatsu. Ta ja baya ta duba, ta ga wani ɗauri ya leƙo, ta dawo ta cusa shi ciki da kyau.

"Haladu ai yaro ne," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Za a buƙaci itacen nan."

Ruwa ya sauko. Na tsaya da ƙullin kayana a ka ina kallon yadda yake gangarewa ta kan kwanon, ko ɗigo bai sami itacen ba. Ashe Iya ta san akwai abin da ba a bari ruwa ya taɓa.